Kakin Mota Tamkar Sikirin Gad Ne: Yadda Ake Shafa Shi Da Goge Shi Ba Tare Da An Kashe Fenti Ba



Na san wani zai ce, mai gyaran waya kuma me ya haɗa shi da wankin mota? Yi haƙuri ɗan uwa, ka karanta zuwa ƙarshe. Abin da ke kashe fuskar wayarka shi ne dai yake kashe fentin motarka, ko tankin babur ɗinka, ko jikin adaidaitar da kake biyan balas a kanta: ƙura, zafin rana, da hannun mai gaggawa. Duk wanda ya iya liƙa sikirin gad bai bar ƙwayar ƙura a ƙarƙashi ba, to ya riga ya san rabin ilimin shafa kakin mota.

Ga ra'ayina tun daga farko. Yawancinmu a nan Gaya da Ajingi muna shafa folish ne don ƙyallin yini ɗaya, kuma garin neman wannan ƙyalli muke cinye fentin da ya kamata ya yi mana shekaru. Aikin kaki shi ne kariya, ƙyallin kyauta ce ya zo da ita. In ba za ka wanke motar tas ba, in ba za ka samu inuwa ba, in ba ka da ƙyalle mai tsafta da za ka goge shi da shi, to wallahi barin motar haka nan ya fi mata alheri.

Me ya sa na damu? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kowa ya san yadda kuɗin mota da babur da kayan fenti suka tashi. Wanda ke da mota yau lallaɓa ta yake yi. Kuma ranar da za ka sayar, abin da dillali zai fara tambaya shi ne: fes bodi ce? Wato fentinta na kamfani ne, ko an taɓa sake mata? Da zarar an sake fenti, mai saye zai fara zargin ko ta taɓa haɗari, sai kuɗi ya sauka ko da injin lafiyarsa ƙalau. Ka ga kenan magana ce ta dukiya.

YADDA FENTIN MOTA YAKE

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe tana hana tsatsa, akwai launin da kake gani, sannan a can sama akwai wani fenti garai-garai mara launi, wanda a jikin gwangwaninsa ake rubuta Clear Coat. Mu kira shi rigar sama. Ita ce ke ba mota ƙyalli, ita ce kuma ke tare hasken rana kada ya kashe launin.

To wannan rigar sama, kaurinta na kamfani bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba. Maikiron ɗaya shi ne in ka raba milimita ɗaya gida 1000. Farar takarda ta fotokwafi tana da kaurin kusan maikiron 100, wato ta ninka rigar motarka sau biyu. Sikirin gad na gilashi da muke liƙa maka a waya, wanda ake rubuta 0.33mm a kwalinsa, ya ninka ta kusan sau 7. Bambancin kuwa, sikirin gad in ya fashe ka cire ka sa wani. Rigar sama in ta cinye ta cinye kenan, sai dai wajen mai fenti.

Ka duba motocin haya da ke tsayawa a tashar Gaya ko ta Wudil, irin su Golf da Sharon. Za ka ga rufinsu da bonet sun yi fari-fari, wani wajen yana ɓarewa kamar jikin da ya ƙone. Wannan rigar sama ce ta mutu. Babu wani kaki a duniya da zai dawo da ita, duk wanda ya ce maka yana da shi kuɗinka yake so.

ƘURA CE BABBAR ABOKIYAR GABA

Akwai ma'aunin tauri da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya fitar a 1812, daga 1 zuwa 10. Lu'ulu'u shi ne 10. Ƙwayar yashi, wadda yawancinta dutsen kwaz ne, tana kan 7. Gilashin waya yana fara karcewa ne daga wajen 6. Shi ya sa za ka sa waya da mukulli a aljihu ɗaya ta fito lafiya, amma 'yar ƙwayar yashi guda ta zana mata layi. To in yashi ya fi gilashi tauri, ina ga fenti, wanda ko kusa da taurin gilashi bai kai ba?

Mu kuwa a cikin ƙura muke rayuwa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na ɗebo mana ƙura tun daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta haɗu da yashinmu na gida. Ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Kademi ko Toranke ka dawo, ka shafa yatsa a jikin motar ka gani.

Sai gari ya waye, direba ya ɗauko tsumman da ke ƙarƙashin kujera tun bara, ya hau kaɗe mota yana murzawa a bushe. Abin da yake yi daidai yake da ya sa samfefa. Kana son shaida? Da daddare ka kunna tocilan ɗin wayarka, ka haska bonet daga gefe. Waɗannan siraran zane-zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo, duk aikin tsumma ne. Yanzu ka ɗauka an shafa kaki a kan wannan ƙurar an murza da ƙarfi. An haɗa yashi da abin da zai riƙe shi a jikin soso kenan.

FOLISH DABAN, KAKI DABAN

Mu duk abin da aka shafa mota ta yi ƙyalli folish muke ce masa, kuma daga nan matsalar ta faro. Ka riƙa karanta jikin gwangwani kafin ka biya kuɗi, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Sabon Gari ko a shagon unguwa:

Compound: wannan mai kaushi ne, yana kankare rigar sama ne don ya share karce mai zurfi.

Polish: shi ma kankara yake yi, sai dai a hankali. Duk lokacin da aka yi amfani da shi rigar sama ta ragu kaɗan.

Wax: shi ne kaki, irin na zuma nake nufi, ba na sojoji ba. Ba ya rage komai, ƙari yake yi. Yana kwanciya a saman fenti ya karɓi wahalar rana da ruwa da kashin tsuntsu a madadinsa, har ya ƙare a sake sa wani.

Sealant: aikinsu ɗaya da kaki, amma haɗin sinadarai ne na kamfani, kuma ya fi jure zafi da daɗewa.

Cleaner Wax ko All in One: kaki ne da aka haɗa da ɗan folish a ciki. Yana da amfani ga tsohon fenti da ya dushe, amma ba na kowane mako ba ne.

In Turancin ya yi maka nauyi, buɗe Google Translate a wayarka, zaɓi Hausa, ka ɗora kyamara a kan rubutun. Fassarar takan yi kwamacala wani lokaci, amma za ka gane minti nawa aka ce a bari, da wuraren da aka hana shafawa.

Wanda ke kai motarsa ana dirza mata folish da inji duk Sallah, ya sani rigar samansa yake aske wa. Za ta yi ƙyalli, ƙwarai kuwa, domin an fito da sabuwar fuska daga ƙasa. Amma maikiron 50 ba su da yawa, sau nawa za a kankara kafin a iso launi?

Kakin mota mai kyau yawanci yana ɗauke da kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, yanki mai zafi da fari irin namu. Bishiyar na fitar da shi ne don kada rana ta busar da ganyenta. Kakin zuma na narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, shi kuwa kanoba sai an kai 82 zuwa 86. Wannan lissafin yana da amfani a wajenmu, domin a watan Afrilu zafin garinmu kan kai digiri 40, kuma baƙar motar da ta yini a rana jikinta na iya haura 70. Shi ya sa wanda zai narka kakin zuma ko kyandir ya shafa, wahalar banza zai yi, abin zai yi laushi ya riƙe ƙura.

ABUBUWAN DA YA KAMATA MU DAINA SHAFAWA

Baƙin mai da man gas. Masu babura da adaidaita sun fi yin wannan. Yana ƙyalli na awa biyu, amma ba ya bushewa, don haka duk ƙurar hanya a jikinsa za ta kwana. Gobe ka goge, ka karce.

Man birki. Wannan shi ne mafi muni. Man birkin da muke amfani da shi, mai lamba DOT 3 ko DOT 4, yana cin fenti kai tsaye. Ko ɗiga ya yi a jikin mota lokacin gyara, ka wanke da ruwa mai yawa nan take. Wasu na shafa shi a taya da bamba don baƙi, in ya fantsama a fenti garin gyaran gira an rasa ido.

Man gyaɗa, basilin, da folish ɗin takalmi. Kowanne ya zauna inda aka yi shi domin shi.

Omo da sabulun wanke-wanke. An yi su ne don su cire maiƙo, kaki kuma dangin maiƙo ne. Ka shafa kaki yau ka wanke da omo jibi, ka fara wanke kuɗinka kenan. Ka nemi sabulun ruwa na mota, murfi ɗaya ko biyu a bokiti ya isa.

YADDA AKE SHAFAWA

Kayan aikin ba su da yawa: bokiti biyu, sabulun mota, soso mai laushi irin na katifa wanda yakan zo cikin gwangwanin, da ƙyallen maikirofaiba aƙalla huɗu. Ka san ɗan ƙyallen nan mai laushi da ke zuwa a kwalin sikirin gad ko na tabarau? Babban yayansa ne, mai gashi-gashi. Tsohuwar singileti da ɗankwali ba za su maye gurbinsa ba, domin shi yana janye ƙura cikin gashinsa ne, su kuwa jan ta suke yi a saman fenti.

1. Zaɓi lokaci. Bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, a ƙarƙashin rumfa ko a zaure mai faɗi. Ɗora bayan hannunka a bonet, in da ɗumi ka jira. Ranar da hazo ya rufe gari ana iska, ka haƙura. Inuwar darbejiya na da daɗi, amma ka ɗaga kai ka duba, 'ya'yanta da tsuntsayen kanta ba sa jiran ka gama.

2. Fara da kwara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, kafin hannu ya taɓa motar. Ruwan ne zai tafi da yawancin yashin.

3. Bokiti ɗaya na sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk sanda ka wanke wani ɓangare, ɗauraye soson a na ruwa zalla kafin ka mayar da shi na sabulu. In ka gama, leƙa ƙasan bokiti na biyu ka ga yashin da da a jikin fentinka zai ƙare. Ƙafafu da ƙasan ƙofa su ne ƙarshe, kuma da wani soso daban.

4. Tsane motar tas. Ruwan rijiya da na burtsatse in ya bushe da kansa yakan bar farin tabo, kuma in ka shafa kaki a kai ka rufe tabon a ciki. Kamar dai ƙurar da ta maƙale a ƙarƙashin sikirin gad ce, kullum idonka a kanta.

5. Sa hannunka cikin farar leda, ka shafa fentin a hankali. In ka ji kamar tsaki-tsaki, akwai dattin da ya kama, irin kwalta ko ƙaron itace ko kashin tsuntsu. Jiƙa shi da ruwan sabulu ya yi laushi ya fita. Kar ka sa farce, kar ka sa reza.

6. Liƙa selotef ɗin takarda irin na masu fenti a gefen baƙar roba, wato bakin gilashi, gindin madubi, da bamba mara fenti. Minti biyar ɗin nan zai cece ka daga aikin awa guda.

7. Ɗan jiƙa soson ka matse, ka dangwali kaki kaɗan. Kaɗan fa na ce. Ku da kuka taɓa ganin ana sa man sanyaya furosesa a kwamfuta kun san ƙa'idar: ɗigo ɗaya ya isa, in ya yi yawa ɓarna ne. Abin da zai kama fenti siriri ne ƙwarai, sauran duk gogewa za ka yi ka zubar. In kana ganin farin kaki dumu-dumu a jiki, ka cika shi.

8. Yi ɓangare-ɓangare: rabin bonet, sannan ɗaya rabin, ƙofa ɗaya, sannan ta gaba. Ni na fi son a ja shi a miƙe, gaba da baya, domin in tsautsayi ya sa ƙwayar yashi ta shiga, miƙaƙƙen layi bai kai mai zagaye fitowa a rana ba. Babu buƙatar danna hannu.

GOGEWA ITA CE AIKIN

A nan ake gane wanda ya iya. Da yawa suna shafe motar gaba ɗaya, su bar ta a rana wai ta sha, su tafi cin abinci. Kaki ba ya shiga cikin fenti balle ya sha. Abin da ake jira kawai shi ne ruwan sinadarin da ke cikinsa ya tashi, ya bar wani hazo-hazo a saman. A yanayinmu mai bushewa wannan 'yan mintuna ne, sau da yawa ƙasa da abin da aka rubuta a gwangwani, domin da yanayin wata ƙasa aka auna. Akwai ma irin da ake gogewa nan take ba jira, shi ya sa karanta gwangwanin ya zama dole.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: ja yatsa mai tsafta a kan hazon. In wurin ya fito fes yana ƙyalli, lokaci ya yi. In ya yi dameji kamar maiƙo, ƙara masa minti biyu. Sa agogon wayarka ya tuna maka.

Ninka ƙyallen gida huɗu, sai ya ba ka fuska takwas. Goge da fuska ɗaya, ta cika ka juya. Na farko ya kwashe hazon, na biyu busasshe ya bi baya ya fito da ƙyalli. Yage 'yar takardar da ke gefen ƙyallen kafin ka fara, ita ma tana karce. In ƙyalle ya faɗi ƙasa, aikinsa ya ƙare a ranar, ko da idonka bai ga komai ba. Ƙasar Gaya ce fa, ba tayil ba.

In kakin ya riga ya ƙame ya ƙi fita, kar ka hau dirza. Sake ɗora sabon kaki kaɗan a kan wurin, shi zai narkar da tsohon, sai ka goge nan take. Ko ka ɗan jiƙa ƙyallen da ruwa.

Wanda ya maƙale a lungun tambarin mota, bakin ƙofa da murfin tanki, tsohon buroshin haƙori mai laushi zai fitar da shi.

Wanda ya taɓa baƙar roba ya bar fari, ga dabara: kilinar fensir ta 'yan makaranta, fara, ka goga a hankali. In ya ƙi, ɗiga sifirit irin wanda muke wanke allon waya da shi, mai suna aisofurofil, a kan buroshi. Wasu na shafa man gyaɗa, farin ya ɓace. Ɓuya ya yi, in man ya bushe zai dawo.

Ka gama? Sake haska tocilan daga gefe. Duk inda ka ga dishi-dishi, saura ne, bi shi da busasshen ƙyalle.

IN KANA SON CIRE TSOHON KAKI GABA ƊAYA

Wani lokaci dole a cire shi duka: za a liƙa sitika, za a taɓa fenti, ko za ka canza zuwa wani iri. Wanke motar, sannan ka haɗa sifirit ɗin nan kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, ka fesa a ƙyalle, ka goge ɓangare-ɓangare a inuwa. Fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin ƙofa. Tina da fetur kuwa ka nisanta su da fenti, musamman wanda aka sake a gareji.

Kuma in za ka kai mota wajen mai fenti, faɗa masa gaskiyar abin da ka taɓa shafa mata. Kaki da silikon in suka saura a jiki, sabon fenti ba ya kwanciya, sai ya yi 'yan ramuka kamar idon kifi, ku zo kuna rigima alhali laifin ba nasa ba ne. Bayan an yi sabon fenti kuma, ka ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin kaki ya hau, mai fentin zai faɗa maka daidai da irin kayan da ya yi amfani da su.

INDA KAKI BA YA ZUWA

Gilashin gaba: waifa za ta riƙa damewa, da daddare hasken motar da ke tahowa ya watsu a idonka. Wanda ya san hanyar Wudil zuwa Gaya da dare ya san ba wajen wasa da gani ba ce.

Ga mai babur: kujera, mariƙin hannu, matakin ƙafa, fuskar taya da faifan birki. Santsi a waɗannan wurare asibiti yake kaiwa. Tanki da murfin gefe masu fenti kawai.

Fenti ko leda marasa ƙyalli da samari ke yayi yanzu: kaki zai bar musu tabo mai ƙyalli.

Idon kyamarar baya: ƙyalle mai laushi ya ishe shi, kamar kyamarar wayarka.

MAGANAR 9H

Yanzu ana tallata wani ruwa a Facebook da TikTok mai suna Ceramic Coating, an rubuta 9H ɓaro-ɓaro, wai mota ba za ta ƙara karcewa ba. Mu masu waya mun san wannan lambar, ita ce a kwalin kowane sikirin gad, har da na araha. Wannan 9H ba na ma'aunin Mohs ba ne. Ma'aunin fensir ne, irin HB da 2H na 'yan makaranta, ma'ana fensir mai taurin 9H bai karce shi ba. Yashi ya fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba. Na gaskiyarsa yana da amfani, ya fi kaki daɗewa sosai, amma yana son ƙwararren hannu da ɗaki mara ƙura, kuma in aka shafa shi ba daidai ba sai an kankare da inji. In dai tsumma zai ci gaba da hawa motar a bushe, ko na nawa ka saya zai karce.

WANI ZAI CE...

"Malam, ni motata ta nema ce, kullum tana hanya, ranar Juma'a tana kasuwar Wudil da kaya har rufi. Ina na ga lokacin wannan?" Gaskiyarka. Ban ce kowa sai ya sayi kaki ba. In abu ɗaya kawai za ka iya, to ka jefar da busasshen tsumma, ka sayi bokiti na biyu, ka riƙa ajiye ta a inuwa. Wannan kaɗai ya fi gwangwani goma. In za ka ƙara, shafa wa rufi da bonet da saman but kawai, su ne ke kallon rana, su ne ke fara mutuwa. Aikin rabin awa ne.

"Ai ba ya daɗewa." Haka ne. Na kanoba a zafinmu ka ba shi wata ɗaya zuwa biyu, na haɗin kamfani kan fi haka. Ƙarewar tasa ita ce aikinsa, kamar yadda fashewar sikirin gad ke nuna ya karɓi dukan da ya nufi wayar. Don ka san ko yana nan, watsa ruwa a bonet mai tsafta. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da saura. In ya baje ya kwanta, lokacin sabo ya yi. A ganina sau uku a shekara shi ne mafi ƙaranci: ƙarshen damina kafin hunturu ya shigo, farkon bazara kafin rana ta yi tsanani, da gab da saukar ruwa.

"Ai yaran wankin mota sun san aikinsu." Wasu sun sani ƙwarai. Amma yaron da zai wanke mota goma sha da soso ɗaya da bokiti ɗaya, ana yi masa tsawa ya yi sauri, a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, me kake so ya yi? Kai ne za ka zo da ƙyallenka da sabulunka, ka ce a shigar da ita inuwa, ka ƙara masa wani abu a kan lokacinsa. Kuma kar ka bari sai jajiberin Sallah da layi ya kai titi, ba a fafe gora ranar tafiya. Yi naka kwana uku kafin nan, ranar Sallah ruwa kawai za ka kwara mata.

Ku kuma 'yan uwana masu wankin mota a Gaya da Ajingi, wannan dama ce. Wanda ya fara kafa rumfa, ya ware bokiti biyu, ya iya bambance folish da kaki ya kuma yi wa mai mota bayani, zai ga masu motocin da ke tafiya har cikin Kano neman wannan aikin sun dawo wajensa.

Yau da daddare ka ɗauki wayarka ka haska bonet ɗin nan. Abin da ka gani shi zai faɗa maka ko kaki kake buƙata, ko kuwa tsumman ƙarƙashin kujera ne ya kamata ya fara tafiya.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kiyaye mu a kan hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Amin.